SARKIN DAMAGARAM TANIMU ƊAN SULAIMANU: Wanda Ya Mai Da Garin Kan Iyaka Mahaɗar Fatake

Duk matafiyin da ya tashi daga Kano ya miƙi hanyar Daura, ya ƙetare iyakar Nijeriya ya bi ta Matamaye, bayan tafiyar mil 150 ko kusa da haka zai iske wani tsohon birni a zaune tsakanin manyan duwatsu. Wannan birni shi ne Zindar, wanda Hausawa suka fi sani da sunan ƙasarsa, watau Damagaram. A yau yana cikin Jamhuriyar Nijar, amma tun kafin Turawa su shata iyakar da ake gani yanzu, Damagaram garin kan iyaka ne. Daga gabas yana kallon Barno, daga kudu yana kallon ƙasashen Daular Sakkwato, daga arewa kuwa sai Damargu da Azbin da hamadar Sahara. Mutumin da ya gane amfanin wannan zama na tsaka-tsaki, ya kuma mai da shi dukiya da ƙarfin mulki, shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a cikin shekarar 1884.

ASALINSA

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga wani malami mutumin ƙasar Barno, wanda ya zauna a wannan yanki a cikin shekarun 1730. Zuriyarsa suka yi ta riƙe 'yan ƙananan garuruwa, suna bin Barno, suna kai mata gaisuwa. Ko da yake asalin gidan na Barebari ne, yawancin talakawan ƙasar Hausawa ne, saboda haka Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada, amma sunayen sarautu da yawa suka zauna irin na Barno.

Mahaifin Tanimu, watau Sarki Sulaimanu, ya hau gadon sarauta a shekarar 1812, kuma a zamaninsa ne Zindar ta tabbata mazaunin sarki. A farkon wannan ƙarni na 19 aka haifi Tanimu, ya tashi a lokacin da ƙasashen Hausa da Barno ke cikin babban sauyi. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, ya kawar da tsofaffin sarakunan Haɓe. Na Katsina suka yi arewa suka kafa Maraɗi, na Gobir daga baya suka zauna a Tsibiri, na Daura kuma suka rarrabu, waɗansu a Zango, waɗansu a Ɓaure. A Barno kuwa, Shehu Muhammadu El-Kanemi ne ya tsai da guguwar, ya gina Kukawa a 1814, iko ya koma hannunsa. Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ta zauna a matsayin ƙasa mafi nisa daga yamma cikin masu bin Barno, watau ita ce katangar Barno ta wannan fuska.

HAWA DA SAUKA

Bayan Sulaimanu, ɗansa Ibrahim ne ya gaje shi a 1822. Tsakanin Ibrahim da ƙanensa Tanimu aka yi doguwar jayayya a kan sarauta. Tanimu ya hau karo na farko a 1841, amma bai wuce shekara biyu ba aka mai da Ibrahim. A cikin wannan hawa da sauka duka akwai hannun Shehu Umaru na Barno, wanda ya gaji mahaifinsa a 1837, domin a wancan lokaci Kukawa ce ke da ta cewa a kan wanda zai zauna a gadon Damagaram. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimu ya koma sarauta, daga nan kuwa bai sake sauka ba har ƙarshen ransa, shekara talatin da 'yan kai.

Shekarun da ya yi a gefe ba su tafi a banza ba. Ya ga da idonsa cewa sarkin da ba shi da ganuwa, ba shi da makamai, ba shi da dukiyar kansa, rawaninsa aro ne, ranar da mai shi ya so zai karɓe. Ya kuma ga cewa 'yan uwa da 'ya'yan sarki su ne ƙofar da baƙo ke bi ya shiga gida. Ayyukansa na baya duka sun fito ne daga waɗannan darussa guda biyu.

YADDA HANYA TA KARKATO

Kafin a fahimci aikin Tanimu sai an dubi hanyoyin fatauci na zamanin. Tun da daɗewa akwai manyan hanyoyi biyu da ke haɗa Tarabulus da wannan sashe na ƙasar baƙar fata. Ɗaya tana bi ta Fezzan da Bilma ta sauka Barno. Ɗayar kuma tana bi ta Gadamas da Gat da duwatsun Azbin ta sauka ƙasar Hausa, kuma kafin jihadi Katsina ce babbar masaukinta.

Abubuwa biyu suka canja wannan tsari. Na farko, yaƙe-yaƙen da ba su ƙarewa tsakanin Maraɗi da Fulanin Katsina sun sa hanyar Katsina ta zama mai hatsari, kasuwarta ta ja baya, Kano ta karɓe girma. Na biyu, daga shekarun 1840 Larabawan Aulad Sulaiman suka sauka yankin Kanem, hare-harensu suka dami hanyar Bilma zuwa Barno. Falke kuwa ba ya son komai kamar kwanciyar hankali. Saboda haka ayarin da ya fito daga Azbin ya nufi Kano sai ya riƙa ratsa Damargu ya yada zango a Zindar, ya huta, ya sayi hatsi, sa'an nan ya ƙarasa.

Turawan da suka fara ziyartar garin sun ga alamun wannan tashi. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zindar a watan Janairu na 1851, a zamanin Ibrahim. Heinrich Barth, Bajamushen nan da mutanen ƙasar suka sani da suna Abdulkarim, ya zauna a garin daga ƙarshen 1852 zuwa Janairu na 1853, yana jiran kuɗi da kayan da aka aiko masa daga arewa kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato. Zaman jiran nan nasa ma shaida ne cewa saƙo daga bakin Bahar Rum yana isowa Zindar tun a lokacin.

BIRNI DA ZANGO

Aikin farko da Tanimu ya sa gaba shi ne ganuwa. A tsakiyar shekarun 1850 ya kewaye garin da katanga mai tsawo da kauri, da ƙofofi waɗanda ake rufewa da dare. Cikin ganuwar nan, inda ake kira Birni, akwai fada da masallaci da gidajen sarakuna da malamai. Har yanzu ana ganin ragowarta a waɗansu wurare, fadar kuma tana nan ana zaune a cikinta.

Daga arewa da ganuwa, tafiya kaɗan, akwai unguwar Zango. Nan ne masaukin baƙi: Abzinawa masu raƙuma, musamman Kel Ewe waɗanda su ne manyan masu ɗaukar kaya a hanyar Azbin, da Larabawan Gadamas da na Tarabulus, da fataken Kano da na Barno. Wannan rabo na Birni da Zango yana da hikima. Baƙo yana kusa da kasuwa, yana ƙarƙashin kariyar sarki, amma raƙumansa da takubbansa suna bayan ganuwa. A Zango fatoma ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Madugu kuwa, watau shugaban ayari, shi ke kai gaisuwa fada a madadin jama'arsa, ya biya abin da aka yanka, ya karɓo izinin wucewa.

Abin da sarki ke sayarwa a gaskiya shi ne aminci. Idan an yi wa baƙo fashi a ƙasarsa, ko an cinye masa bashi, labari zai kai Gat da Gadamas kafin shekara ta kewayo, ayarin baɗi kuma sai ya nemi wata hanya. Tanimu ya san haka, ya tsananta hukunci a kan ɓarayi da masu tare hanya, ya kuma riƙe zumunci da shugabannin Abzinawa, domin in babu raƙumansu babu fataucin hamada.

KAYAN DA KE SHIGA DA FITA

Daga arewa ayari kan zo da akoko da sauran yadudduka na Turai, da alharini, da takarda, da sukari, da madubi, da allura, da duwatsun ado, da ruwan takubba, da turare, da bindigogi. Daga kudu kuma ana kai hauren giwa, da fatu jemammu, da gashin jimina, da bayi. A cikin shekarun 1870 matan Turai suka ɗauki yayin ƙawata huluna da gashin jimina, farashinsa ya tashi ƙwarai. Ƙasar Damargu da ke arewa da Zindar kuwa matattarar jiminu ce, saboda haka kuɗi masu yawa suka shigo hannun 'yan kasuwar garin a ƙarshen zamanin Tanimu. Wannan kasuwa ta faɗi a shekarun 1880, sa'ad da gonakin kiwon jimina na Afirka ta Kudu suka cika kasuwannin Turai.

Sai dai cinikin hamada, duk da sunan da ya yi, ba shi ne ya fi ciyar da jama'a ba. Wanda ya fi shi yawa shi ne cinikin maƙwabta. Kowace shekara bayan damina Abzinawa kan tafi Bilma da Fashi da dubban raƙuma, su kai hatsi su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro da su kudu. Daga ƙasar Manga da Muniyo ana kawo mangul da kanwa. Makiyaya na kawo raƙuma da shanu da tumaki da jakuna. Daga Kano kuma ana hawo da turkuɗi da baƙin rawani ɗan Kura, wanda Ba'abzine ba ya rabuwa da shi, da riguna, da takalma, da goron da aka ɗauko tun daga Gwanja. Mai gishiri yana bukatar hatsi, mai hatsi yana bukatar tufa, masaƙi da marini suna bukatar kasuwa, dukansu kuwa a Zindar suke haɗuwa.

Wannan ciniki ya taɓa ƙauyuka. Manomi ya ƙara faɗin gonarsa domin ya san akwai mai sayen gero. Majema da dukawa da maƙera suka sami aiki. Mutane daga wurare dabam-dabam suka yi ta ƙaura zuwa ƙasar, sababbin garuruwa suka tsiro a gefen hanyoyi. Shi kansa sarki bai tsaya ga karɓar haraji kaɗai ba, ya sa dukiyarsa cikin fatauci, wakilansa suna tafiya da kayansa tare da ayari.

BINDIGA DA IGWA

Ribar da ta shigo, Tanimu ya zuba kashi mai yawa nata a kan makamai. Ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar Tarabulus, ya kafa rundunar 'yan bindiga ta dindindin. Abin da ya fi ba mutanen zamanin mamaki shi ne igwa, domin a cikin Zindar maƙera suka riƙa zuba ta, ana kuma haɗa albarushi a gida. Babu wata masarauta a kewayen da ta kai Damagaram yawan makaman wuta a lokacin.

Ya kuma sake tsarin fada. Maimakon ya dogara ga 'yan uwansa, sai ya ɗora amintattun bayinsa a kan manyan muƙamai na yaƙi da na tara haraji, mutanen da ba su da haƙƙin gadon sarauta, ba su kuma da wani majingini sai shi. Da wannan ƙarfi ya shigar da ƙananan ƙasashen kewaye ƙarƙashinsa, irin su Mirya da Dungas da Waca. Sarakunan Haɓen Daura da ke Zango da Ɓaure su ma suka zama cikin inuwar Damagaram. Garuruwan arewacin Kano, da Gumel da Kazaure da Haɗeja, sun san zafin dawakinta.

A nan ne tarihin Tanimu yake da ɗaci, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Yawancin waɗannan yaƙe-yaƙe hare-haren kamun bayi ne. Waɗansu daga cikin waɗanda aka kama an zaunar da su a gonaki, waɗansu an sa su aikin ganuwa ko cikin runduna, waɗansu kuma an ratsa hamada da su, da yawa ba su kai ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda ke mulkin Tarabulus, ta hana cinikin bayi a 1857, amma cinikin ya ci gaba a ɓoye shekaru da dama. Amincin da falke ya samu a Zango, talakan ƙauyen kan iyaka bai same shi ba. Duk wanda zai yaba wa ginin Damagaram, wajibi ne ya tuna da waɗanda aka gina shi a kan wuyansu.

ZAMANSA DA MANYAN MAƘWABTA

Wani abin lura shi ne yadda Tanimu ya bi da Barno. Bai fito fili ya ce ya daina binta ba, domin ya ga abin da hakan ke jawowa. Ya bar sunan biyayya yana nan, gaisuwa tana zuwa Kukawa, amma a aikace shi ke yanke shawarar yaƙinsa da sulhunsa da harajinsa. Ƙarfin Kukawa yana raguwa, nasa yana ƙaruwa, har ya zama babu mai iya tuɓe shi kamar yadda aka yi a 1843.

Da Kano kuwa zaman na doya da manja ne, amma ciniki bai tsaya ba. Damagaram ba ta iya rayuwa in babu kasuwar Kurmi da marinar Kano, Kano kuma ba ta iya kai kayanta Tarabulus sai ta ƙofar Damagaram. Saboda haka ko a shekarun da dawaki ke kai hari, raƙuma da jakuna suna wucewa. Sarakuna na faɗa, fatake na lissafi.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Allah ya yi wa Tanimu rasuwa a 1884. Bayan 'yar jayayya tsakanin 'ya'yansa, Sulaimanu ɗan A'isha ya riƙe sarauta har 1893, sa'an nan Ahmadu Kuran Daga ya hau. A wannan shekara ta 1893 ne Rabe ya rushe Kukawa, abin da ya yanke sauran igiyar da ke tsakanin Damagaram da Barno. Attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya kai har Tarabulus, sun yi tashe ne a kan harsashin da Tanimu ya kafa.

Amma zamani ya riga ya juya. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a Zindar. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga birnin, igwogin gida ba su iya tsayawa gaban makaman Turai ba. A 1906 Faransawa suka tuɓe sarki suka kai shi Kwaddibuwa, ba a mai da sarautar ba sai a 1923.

A tsakanin nan Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kan inda iyaka za ta bi. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka tura layin kudu, domin Faransawa su sami hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Zindar, daga 1906 zuwa 1908 kuma aka bi ƙasa aka kakkafa alamu. Ta haka Damagaram ta sake zama garin kan iyaka, amma wannan karon iyakar ta raba ta da Kano, babbar abokiyar cinikinta. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta auka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke ɗauka watanni yana ratsa hamada da su, jirgin ruwa da na ƙasa suka riƙa kawo su da araha. Fataucin hamada ya mutu. Zindar ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911, amma a 1926 aka mai da hedkwatar Yamai.

Duk da haka garin bai mutu ba, domin cinikin maƙwabta da ya fi ciyar da jama'a tun zamanin Tanimu bai dogara ga Tarabulus ba. Fuskar ciniki ce ta juya daga arewa zuwa kudu. Gyaɗar Magarya da Matamaye ta riƙa bi ta Kano zuwa bakin teku. Dabbobi da wake da fatu suna gangarowa, kayan masana'antu da hatsi suna hawa, kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa suka cika suka batse.

ABIN DA TARIHINSA KE NUNAWA

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a gefenta biyu harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A 2011 aka buɗe matatar mai kusa da Zindar, mai iya tace ganga 20,000 a rana. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da ke tuna wa masu nazari cewa hanya takan karkata daga wani gari zuwa wani, kamar yadda ta taɓa barin Katsina ta koma Zindar.

An kuma ga ɗaya fuskar. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, garuruwan kan iyaka ne suka fara jin jiki. Motoci suka yi layi, kaya suka lalace, farashin abinci ya hau, dillalai da 'yan dako da masu masauki suka rasa abin yi, fasa-ƙwauri kuma ya ƙaru ta ɓarauniyar hanya.

Garin kan iyaka ba shi da wata ma'adina da ta wuce hanyar da ta ratsa shi. Tanimu ɗan Sulaimanu ya gane haka fiye da shekara 150 da suka wuce: ya ba baƙo masauki, ya tsare masa dukiya, ya bar ƙofa a buɗe ko da yana faɗa da maƙwabci, garinsa ya bunƙasa. Inda ya dogara ga bindiga da kamun bayi kuwa, abin da ya tara bai wuce shekara 15 bayan rasuwarsa ba ya rushe a Tirmini. Ganuwar da ya gina ta zube sai kufai nan da can, amma Zango tana nan cike da 'yan kasuwa, motocin Kano kuma suna sauke kaya a inda raƙuman Azbin suka saba durƙusawa.